Yaƙi da Yunwa a Kwarin Maje

Duk wanda ya taɓa kwana a Kwarin Maje ya san abin da mutanen garin ke taƙama da shi. Ba su da kwalta, ba su da wutar lantarki, amma har yau ba a haifi baƙon da zai shiga garinsu ya fita bai sassauta mazagin wandonsa ba. Suna ma ba da labarin wani mai awon gona na zamanin da, wai a kan jaki ya zo musu, da zai koma sai da aka nemo masa raƙumi. Ni dai ban ga raƙumin ba, amma na ga mutanen, don haka ba na musu.

Dagacin garin, Malam Tanimu, shi ne mai gadin wannan al'ada. A wurinsa dokokin baƙunci biyu ne. Baƙo ba ya taɓa fartanya, kuma kwanon baƙo ba ya komawa gida da saura.

Ana nan wata shekara sai aka tara dagatai a sakatariyar ƙaramar hukuma. Aka ce musu wata ƙasa ta can nesa, inda ake cewa ruwa kan daskare a cikin randa, ta kawo shirin 'yan sa-kai. Matasansu ne za su zo ƙauyuka su yi aiki kyauta, su koya wa jama'a noman lambu don a yaƙi yunwa. Garin da aka ga ya yi abin kirki, in shekara ta zagayo za a kafa masa injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Sai dai mutum ɗaya tal aka ware wa gundumar, garuruwa biyu kuma suka sa ido a kansa, Kwarin Maje da Tudun Faru.

Dagacin Tudun Faru kuwa, Gambo, taubashin Tanimu ne, ɗan goggonsa. Tun suna yara ba sa haɗuwa su rabu ba a yi wa wani dariya ba. Da aka ce Kwarin Maje ta samu saboda tana da fadama, Tanimu sai da ya bi ta Tudun Faru a hanyarsa ta komawa gida, ko da yake ba hanyarsa ba ce, don kawai ya yi wa Gambo jaje.

Ranar da baƙon ya iso, gari ya fito ƙwansa da kwarkwatarsa. Mota ta tsaya a gindin majen ƙofar fada, ƙofa ta buɗe, sai ga wani abu ya fito a hankali kamar ana zaro gora daga ɗaki. Saurayi ne dogo, wuya kamar na zalɓe, gwiwoyi kamar gaɓar rake, da gajeren wando, da wani kati mai hotonsa rataye a wuya. Maroƙin da ya buɗe baki zai yi kirari sai ya mayar ya rufe.

Yaya Asabe, yayar Dagaci, wadda duk matan garin ke jin maganarta fiye da ta mazajensu, ita ta fara magana. Ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Tanimu, yaron nan uwarsa na da rai kuwa?"

"Yaya, yi a hankali, yana ji."

"Ya ji mana! Ku dubi haƙarƙari, ana ƙirgawa ta cikin riga. Wane marar imani ne ya ɗoro wannan a jirgi?"

Sunansa na yanka ya gagari harshen kowa, har da Malam Sallau hedimasta da aka naɗa tafinta. Kafin la'asar an raɗa masa Jatau, kuma shi ke nan ya bi shi.

Washegari da sassafe Tanimu na zaune a ƙofar fada yana tauna goro, sai ya hango Jatau ya saɓa fartanya, ya rungumi jakar iri, ya nufi fadama yana fito. Saura kaɗan goron ya sarƙe shi.

"Kai! Kai! Ku tare shi! Baƙo da fartanya a garina? So kuke Gambo ya ji?"

Majiya ƙarfi suka ruga, suka karɓe fartanyar cikin ladabi, har da rusunawa. Jatau ya yi ta bayani da hannu da ƙafa. Malam Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, cewa yake ai aikin ne ya kawo shi."

"Gaya masa mun ji, mun kuma gode. Ya huta gajiyar hanya tukuna. Aiki ai ba ya ƙarewa, mutum ne ke ƙarewa."

Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Bai gama zama ba sai ga koko da ƙosai daga gidan Yaya Asabe. Bai gama share baki ba sai ga ɗanwake daga gidan Liman. Rana na take tsaka fura ta iso, damammiya da kindirmo. Bayan azahar dambu, da yamma tuwo miyar kuka da man shanu yana ninƙaya a sama. An dai tsara cewa kowane gida da ranarsa, amma babu matar da ta yarda da girkin maƙwabciyarta, saboda haka kowace takan aiko da nata ko da ba ranarta ba ce, wai don kada yaron mutane ya kwana da yunwa.

Hausar da Jatau ya fara koya ita ce, "Na ƙoshi." Ya kuwa iya ta tsaf, har da dafa ciki. Da ya faɗa wa Yaya Asabe sai ta yi murmushi ta dubi sauran mata.

"Kun ji ko? Kunya ce. Yaro mai tarbiyya. A ƙaro masa."

Sau ɗaya ya yi gangancin mayar da kwano da saura, na matar Sarkin Fawa. Matar ta wuni tana kuka, mijin ya zo fada da wuƙarsa a ƙugu yana tambayar me iyalinsa suka yi wa baƙon gari da za a tozarta su. Sai da Dagaci da Liman suka zauna sulhu, aka kawo wani kwanon, Jatau ya cinye a gaban shaidu. Tun daga ranar ko ƙanzo ba ya bari.

Da ya ga abin na neman fin ƙarfinsa, sai ya ce bari ya riƙa motsa jiki irin na ƙasarsu. Wata safiya ya ɗaura takalma ya fita da gudu ta bayan gari. To a Kwarin Maje babba ba ya gudu sai da dalili. Wanda ya fara ganinsa ya waiga bai ga abin da ya koro shi ba, sai ya ce ba zai tsaya ya gani ba, shi ma ya zura. Kafin a kai bakin rafi rabin gari na gudu, wasu da sanduna, wasu da 'ya'ya a kafaɗa, wata tsohuwa da akuyarta. Da ƙura ta lafa aka gane ba komai, Tanimu ya ji kunya ƙwarai.

"Ashe sauri yake yi, mu kuma muka bar shi a ƙafa," in ji shi. Nan take ya ware masa mai babur, duk inda za shi a kai shi, ko da masallacin ƙofar fada ne ya je kallo.

Haka aka yi ta tafiya. Duk lokacin da Jatau ya tayar da zancen lambu, Tanimu kan ce, "In sha Allahu, bari a gama girbi." Aka gama girbi. "Bari a sha bikin 'yar Liman." Aka sha. A fadama dai an kafa allo mai kyau da sunan shirin da tutocin ƙasashe biyu, awaki na shan inuwarsa. Gajeren wandon nan ya yi ritaya, tela ya ɗinka wa Jatau babbar riga da 'yar ciki. Wuyan zalɓe ya ɓace, haɓa ta haifi ƙanwa. Hausa ta zauna a bakinsa, har yakan zauna a majalisa a yi musu da shi a kan gidan da ya fi iya miyar taushe. Abu ɗaya ne bai canza ba, katin nan na wuyansa, don an ce masa doka ce kada ya cire.

Rannan sai ga Gambo a kan babur, yana washe baki tun daga nesa. Tanimu na ganin haƙoran ya san ba alheri.

"Taubashi, albishirinka!"

"Goro, in ka biya na bara."

"Jakadan ƙasarsu Jatau da kansa zai zo ranar Laraba, shi da Ciyaman na ƙaramar hukuma. Wai zai ga lambu da idonsa kafin a kafa inji. Ni ma an gayyace ni. An ce in bai gamsu ba, a kwashe yaron da injin a kai inda za a yi aiki." Ya gyara hula. "Na riga na sa an share wuri."

"Wurin da za ka zauna ka yi kuka?"

"A'a, wurin da zan kafa inji. Af, na biyo ta fadamarku. Kai, allon nan ya yi kyau! Yaushe za a fara girbinsa?"

Tanimu ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba. Gambo na tafiya ya ji gumi na bin bayansa. Injin nan ya riga ya yi wa gari alkawarinsa, har an fara rabon filin lambu a baki. In kuwa aka ɗauke Jatau aka kai Tudun Faru, to shi da zuwa taron dagatai sai dai a lahira, don Gambo ba zai bar shi ya sha ruwa ba har ƙarshen rayuwarsa.

Ya shiga wurin Yaya Asabe ya same ta tana tankaɗe.

"Yaya, ina ganin a ɗan rage wa yaron nan abinci kwana biyu, a bar shi ya ɗan shiga rana, ya yi kama da wanda ya yi aiki."

Ta ajiye rariya. "Me ka ce?"

"Na ce a ɗan..."

"Mutanensa za su zo, shi ne za ka ramar da shi? Su koma su ce mun ci amanar ɗan mutane? Tanimu, ni na goya ka. Fita mini daga gida kafin in tuna maka."

Ya fita. Ya zauna ya yi ta saƙa da warwara. Ko an ba Jatau fartanya goma, lambu ba ya fitowa kafin Laraba. Sai can dabara ta faɗo masa. Ai Talata kasuwar birni ke ci.

Ranar Talata da yamma a-kori-kura ta sauke kaya a bakin fadama: kabeji, latas, karas, albasa mai lawashi, kowanne ya ƙosa. Majiya ƙarfi suka ja kunya-kunya, suka shiga tona rami suna dasawa. Jatau ya zo a bayan mai babur ɗinsa, ya tsaya yana kallo, ya riƙe baki.

"Ranka ya daɗe, wannan ai ƙarya ce."

"Subhanallahi! Jatau, da girmana? Samfuri ne. Muna nuna wa Jakada abin da zai fito ne in Allah ya kai mu."

Jatau ya naɗe hannun riga. "To ko dasawar a bar ni in taya. Ba haka ake jera su ba."

"A'a, a'a. Kai baƙo ne. Ku kawo masa tabarma."

Laraba ta yi. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, 'yan makaranta suka yi waƙar maraba. Ciyaman ya tashi ya yi jawabi mai tsawo, ya ce shi da majalisarsa suna goyon bayan wannan shiri ɗari bisa ɗari, ya ce tun yana yaro yake mafarkinsa, ya kuma gode wa mutanen wannan gari mai albarka, wanda sau biyu yana kiransa da sunan wani garin. Jakada kuwa wani ɗan dattijo ne mai tabarau da malafa. Ya ce, "Sannu ku," aka yi tafi kamar ya sauke Alƙur'ani. Ya ce ƙasarsa na alfahari da matasanta da ke barin gida su je su sha wahala saboda 'yan'uwansu bil'adama. Yana faɗin haka yana waige-waige, da alama ɗan nasu mai shan wahala yake nema. Da aka nuna masa wani jibgegen mutum ja a cikin babbar riga yana fifita da mafici, sai ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ɗaga masa hannu a hankali.

Aka ɗunguma fadama. Kai, lambu ya yi lambu! Kore shar, an yayyafa ruwa, ganye na ƙyalli. Ciyaman ya ce a ɗauke shi hoto a tsakiya. Tanimu ya fara jin iska na shigarsa, har ya saci kallon Gambo ya ɗaga masa gira.

Abin da ba wanda ya gaya wa Tanimu shi ne, Jakadan nan ɗan manoma ne. Da ya ga ƙasa mai laima sai ƙauyancinsa ya motsa. Ya miƙa wa wani malafarsa, ya durƙusa, ya kama ganyen karas ya ja. Karas ya taho ba gardama, ba ɗaya ba, dami guda, an wanke shi tas, ga kuma igiyar leda da mai kayan gwari ya ɗaure shi da ita.

Ciyaman ya ja da baya don kada hoto ya kama shi, dugadugansa suka bugi wani kabeji, kabejin ya bar gurbinsa ya gangara, ya yi ta mirginawa har ya faɗa rafi.

Gambo ya yi gyaran murya. "Allah mai iko! Taubashi, ƙasarku akwai albarka. Mu a Tudun Faru sai mun tono karas sannan mu ɗaure. Ku da ɗaurinsa yake fitowa."

Jakada ya kira Jatau gefe, suka yi magana da yarensu. Ba wanda ya ji abin da suka ce, amma kowa ya ga Jatau na sunkuyar da kai yana nuna fartanya, yana nuna tabarma, yana nuna bakinsa.

Aka dawo rumfa. Jakada ya tsaya, Malam Sallau na gefensa yana fassarawa.

"Ya ce ba fushi yake ba. Ya ce ya ga kuna ƙaunar yaronsu. Amma shi ma akwai na gaba da shi, kuma za su tambaye shi abin da shirin nan ya yi a garin nan."

Gambo ya miƙe ya rusuna. "Ranka ya daɗe, a ba mu shi. Gobe war haka yana cikin lambu da fartanya. Mu ba mu iya ɓata baƙo ba."

Daga bayan rumfa aka ji Yaya Asabe ta ce, "Ai ko ciyar da shi ba ku iya ba."

Jakada ya ɗaga hannu. Ya yi magana a taƙaice, Malam Sallau ya fassara.

"Ya ce shi mai adalci ne, kuma a gaban jama'a yake faɗa. Shirin nan na yaƙi da yunwa ne. A nuna masa mutum ɗaya, ɗaya tak, wanda aka raba da yunwa a garin nan tun da aka fara. In an nuna masa ya gani da idonsa, Jatau ya zauna, inji ya zo. In babu, Jatau ya bi Dagacin Tudun Faru yau ɗin nan."

Tanimu ya dubi jama'arsa ɗaya bayan ɗaya. Sarkin Fawa yadda yake bara haka yake bana. Liman tun da aka san shi siriri ne, kuma ba shi da niyyar canzawa. Gambo har ya fara tambayar mai babur ko kayan Jatau na da yawa. Gumi ya jiƙe wa Tanimu rawani.

Ana cikin haka sai ga Yaya Asabe ta ratso tsakiyar manyan baƙi da akushi a hannu, ko kallon Jakada ba ta yi ba, don lokacin furar Jatau ya yi, kuma ita ba ta ga abin da zai sa a ɗaga shi ba. Ta dire a gabansa. Jatau, da idanunsa suka ciko da ƙwalla, hannunsa ya kai ga ludayi da kansa. Da ya sunkuya sai katin nan na wuyansa ya yi lilo ya zo ya kwanta a kan tumbinsa.

Tanimu ya ƙura wa katin ido. Sannan ya miƙe a hankali, ya gyara rawani, ya kaɗe riga.

"Jatau, ajiye ludayin nan, taso."

Jatau ya taso, kujerar ta yi ƙara kamar ta gode. Tanimu ya kama hannunsa ya kai shi gaban Jakada, ya juya shi dama, ya juya shi hagu, yadda ake nuna ragon layya. Ya zare katin daga wuyansa ya miƙa wa Jakada da hannu biyu. Jakada ya dubi hoton mai wuyan zalɓe, ya ɗaga kai ya dubi mai katin, ya sake duban hoton.

"Malam Sallau," in ji Tanimu, "fassara masa daidai, kada ka rage ko wasali. Ranka ya daɗe, ranar da yaron nan ya sauka mun duba garin nan kaf, gida-gida, ba mu ga wanda yunwa ta kama kamarsa ba. Shi ya sa muka fara da shi."